Rasuwar Reshon Gaz na Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdulgani na Gangara, a madadin iyalinmu, nake sanar da rasuwar reshon gaz ɗinmu mai ido biyu, wanda numfashinsa ya ɗauke da hantsin Talata, tukunyar tuwo tana bisa kansa, ruwan ko tafasa bai yi ba.

Marigayin ya zo gidan nan ne daga Damagaram, bayan likita ya ce ƙirjin mahaifiyata, Inna Bintu, ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba. Tun zuwansa tarinta ya kwanta, gatari ya huta. Bai taɓa sa kowa hawaye ba. Maganarsa ba ta wuce “ƙyas, fuuu.”

Yunwa ce ajalinsa. Gwamnatin da muke sayen gaz a hannunta ta ji haushin wata kalma da tamu ta furta a wurin taro, sai ta murɗe famfo, wai don ta koya wa manyanmu hankali. Manyan dai har yau abincinsu yana nuna a kan lokaci. Inna Bintu, wadda ba ta san sunan taron ba, ita ke ɗaukar darasin.

Mun yi jinya iyakar ƙoƙari. An kai butel, wato tulun gaz ɗinsa, garin Tanut a amalanke, ya dawo wayam. An girgiza shi, an shanya shi a rana. Maƙwabcinmu Mato ya ce a tsoma shi cikin ruwan zafi, sai da muka hura icce muka dafa ruwan. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce “tsss.”

Ya rasu ya bar butel ɗaya maraya, da tiyo, da tsohuwa da ta koma tsugunne gaban kara da kashin shanu tana tari har ta dafe bango. Ya kuma bar gari guda mai cewa “sai haƙuri.” Jama'a, ciwon ajali ake wa haƙuri. Wannan hannun mutum ne ya murɗe shi!

Za a ɗauki gawar ranar kasuwa bayan azahar, a bi da ita ta ƙofar ofishin perfe, shugaban gundumarmu, a ajiye ta nan har wani ya fito ya karɓi gaisuwa. Duk mai mataccen butel ya kawo nasa, a haɗa jana'iza.

Sadakar uku gumba ce, don ita kaɗai ba ta bukatar wuta.