Malam da Ludayi a Hannun Hagu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa surukina kyautar zane a Gangara ba. Lokacin ina koyar da zane a wata sakandare a Isa, ina neman auren 'yarsa, kuma shi Malam bai gama yarda cewa zane sana'a ba ce. Na ƙudura sai na burge shi.

A kwaleji an koya mana wata dabara. Za ka karce hoto da allura a jikin farantin roba, ka shafa tawada, ka goge da tsumma, sai ta maƙale a cikin karcen kawai. Daga nan ka ɗora jiƙaƙƙiyar takarda ka matse. Ba ni da injin matsewa, sai na ari injin taliyar yayata (har yau ba ta yafe mini baƙar taliyar da ta biyo baya ba).

Na karce Malam zaune a kan buzu yana shan fura. Da hoton ya fito, layukan nan sun yi laushi, gemun kamar ka shafa. Daɗi ya rufe mini ido, na manta abin da nake nanata wa ɗalibaina kullum: duk abin da ke dama a faranti, hagu yake komawa a takarda.

Na miƙa masa a zaure, gaban ƙannensa da abokansa. Mutumin da duk garin aka san shi da tsawata wa mai ci da hagu! Ya daɗe yana kallo, ni kuwa ina ta washe baki ina jiran yabo. Sannan ya ce a hankali, "Wanga zane ya yi kyawo, ɗana. Amma yaushe kag gane ni ina shan hura da hagu?"

Zauren ya ɗauki dariya. Na soma bayanin faranti da injin taliya, abin ya ƙara lalacewa. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na tafi gida na cire rai da auren.

Malam dai ya ba ni matar, ya kuma sa hoton cikin kayan ɗakinta. Ta rataye shi yana fuskantar madubi, inda babanta ke shan furarsa da dama. Ni ma tun daga ranar, madubi nake fara nuna wa aikina kafin mutum ya gani.