Digiri Huɗun Dokta Khoza

Duk faɗin lardin Gauteng babu wanda ya san tayar mota kamar Dokta Dumisani Khoza. Shi da kansa ya faɗa, kuma likitan haƙori ba ya ƙarya sai dai in ya ce ba za a ji zafi ba. Litinin zuwa Juma'a yana garin Benoni yana leƙa bakin mutane. Ranar Asabar kuwa sai ya zura jar rigar tsere mai sunansa a ƙirji, ya zo filin tseren motoci da kulob ɗinmu ke haya, ya buɗe nasa bakin, mu kuma mu sha kallo.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. A bayan baƙar motarsa mai kujera biyu akwai sitika ruwan ɗorawa, alamar sabon shiga, kuma shekararta uku a wurin. Mai irin wannan sitika da 'yan koyo yake fita. Babu mai cire ta sai Anti Elsabe, shugabar masu koyarwa, 'yar shekara sittin da takwas, wadda ba ruwanta da agogon auna gudu. Kafin ka fita takan ja alli a kafaɗar tayarka ta waje. In ka dawo ta duba allin, ta shafa robar da tafin hannu, shi ke nan ta san abin da ka yi a kowace kwana.

Dokta ya yi nazari mai zurfi, ya gano inda laifin yake: taya ce. Sai ya nufi garejin Pravin bakanike.

"Pravin, ɗan'uwana, taya mai faɗin milimita 245 ta zuwa coci ce. Sa mini 295, gaba da baya. Kamba kuma digiri huɗu."

Kamba dai ita ce karkatar da ake yi wa taya, samanta ya jingina ciki, don in mota ta kwanta a kwana da gudu tayar ta zauna daram a ƙasa.

"Dokta, ɗaya da rabi ya ishe ka," in ji Pravin. "Huɗu ai na masu shiga kwana kamar an biyo su ne."

"To, ni da yaya kake zaton nake shiga?"

Pravin ya dubi rufin gareji, ya ɗauko sufana.

Mota ta fito ta tale ƙafafu kamar ɗan maraƙi a kan jiƙaƙƙen siminti. Tayoyin sun yi mata yawa, sai da aka lanƙwashe leɓen bodi kafin su daina gurzawa. A hanya duk tsagar da ta gani a kwalta sai ta bi, sitiyari na fizgar hannunsa hagu da dama. Dokta ya ce wannan shi ne mota tana magana da mai ita.

Ranar Asabar ya tarar da mu a gindin murhun gashi, ya ɗauke burodi daga hannun wani ya karkata shi a kan tebur.

"Jama'a, ku dubi nan. Jahili yana ganin karkata, masani yana ganin lissafi. Na yi wata biyu ina karatu a kan wannan. Inji dai kowa na iya saya, amma kusurwa sai mai ilimi."

Ya yi minti arba'in yana bayani, nama ya ƙone. Tun daga nan muka sa masa Farfesa Digiri Huɗu, shi kuma kafin azahar ya rubuta sunan a hular kwanonsa.

Anti ta ja allinta, aka buɗe hanya.

A faɗi gaskiya, a miƙaƙƙiyar hanya Dokta zaki ne, ƙarar injinsa har ofis ake ji. Sai dai mutum ne mai tausayi. Tun kafin allon farko da ke cewa kwana ta kusa yake taka birki, ya lallaɓa ya shiga a hankali, kamar yadda yake yi wa mai tsoron allura. 'Yan koyo ba a yarda su wuce juna a kwana ba, don haka motoci bakwai suka jeru a bayansa kamar masu rakiyar gawa. Ya duba madubi, ya ga kowa yana baya, zuciyarsa ta yi fari tas.

Zagaye goma ya yi. Ya fito yana haki, ya cire safar hannu yatsa-yatsa. Da gaske yake son abin nan, kuma a lokacin sai da ya ba mu tausayi.

Anti Elsabe ta durƙusa da ƙyar. Ta taɓa gefen tayar na ciki, ta janye hannu don zafi. Ta taɓa na waje, sanyi ƙalau. Allin yana nan fes, har 'yan gashin nan na sabuwar taya suna tsaye ba wanda ya karye.

"Dokta, ɗana, wannan kafaɗar ba ta ma san an fita ba."

"Madalla, Anti! Abin da masana ke kira tattalin roba ke nan. Ni ba na..."

"Motar dai a shirye take," ta ce. "In ka samo mata direba ka kawo shi mu gaisa."

Dokta bai ji wannan ba, domin ya ga ta zagaya baya ta sa farce a ƙarƙashin sitikar. Ta ɓanɓare ta a hankali. Ya gyara tsayuwa, ya share murya, ya fara gode wa iyayensa, da Pravin, da duk waɗanda suka yi shakkarsa tsawon shekara uku.

Yana tsakiyar godiya Anti ta zaro sabuwa dal daga aljihu, ta manna a gurbin, ta danne da tafin hannu.

"Tsohuwar ta koɗe," ta ce. "Na bayanka suna ƙorafi ba sa ganinta sai sun kusa hawa kanka."