Waldar Bushiya a Bakin Zarto

A wani daji da aka tashi janyo ruwa ta bututu, Bushiya ce tsaye gaban Damo, mai gwada masu walda, tana ta mita.

"Haba Baba Damo, fisabilillahi wannan aikin za ka yanka? Ka kafe min bututu a karkace ka ce kar in juya shi. Kwanciya na yi ƙarƙashinsa tartsatsi na zubo min a ciki. Dubi yadda ya fito sumul."

"Na gani, 'yar nan," in ji Damo. "Bayan ya yi kyau. Cikin nake son gani, don ta can ruwa zai bi."

Haka ƙa'idar take. Ka haɗa bututu biyu, a yanka wurin haɗin sala-sala, a lanƙwasa. Bai tsage ba, a ba ka takardar shaida. Ya tsage, sai wani jiƙon. Ita kuwa Bushiya 'ya'ya ne cike da raminta, in ba takardar nan ba mai ɗaukarta aikin.

Ana cikin haka sai ga Kura, shugabar majalisar dajin, ɗanta na biye da nasa bututun da ya sha fenti har yana ƙyalli.

"Malam Damo," ta ce, "majalisa ta zauna. Wannan yanke-yanken ɓarnar ƙarfe ne, kuma rashin yarda da juna ne. Mu da muka san 'ya'yan kowa da gidan da suka fito, ai mu ya kamata mu faɗi wanda ya iya. A daina gwajin, za mu riƙa zaɓa."

A majalisar nan kaf ba wanda ya san hanyar ramin Bushiya. Ta dubi zarton Damo da take jin haushinsa, ta ga duk dajin shi kaɗai ne ba ya tambayar 'yar wa ce.

Ta ce, "Baba, yanka. Bismillah."

Damo ya yanka, ya sa a matsi ya lanƙwasa, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen ya tanƙwaru kamar bakan maharbi, ko tsaga babu. Allah Ya yi wa hannun nan albarka.

Ya miƙa hannu ga na ɗan Kura. Uwar ta ce a bari, fentin bai bushe ba. Damo ya ce to zai jira, shi ba ya sauri.

Majalisa dai ta ba yaron tata takardar, mai ado a gefe. Bushiya ta karɓi ta Damo, ta yi hamdala, ta ninke ta cusa cikin ƙayar bayanta.

Tana haɗa kayanta Kura ta matso, ta rage murya.

"Ƙanwata, bututun nan fa ta saman ɗakin kwanana zai wuce. Wannan gaɓar, ko ke za ki yi min?"

Bushiya ta ci gaba da goge gilashinta na walda.