Jan Biro a Littafin Kawu

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da na mayar wa Kawu Malam littafinsa a Kebbe ba.

Shekara talatin ina gaya wa mutane cewa hassadar wani malami ce ta fitar da ni daga kwalejin horon malamai, lokacin da gwamnati ke ba mu abinci da sabulu kyauta. Na faɗa har ni ma na yarda. Abokan karatuna sun zama manya a sakatariya, ni ina gyaran rediyo a Tambuwal.

Sai na sayi tsohuwar sikana a hannun wani mai shagon hoto, na'urar nan da ke ɗaukar hoton takarda ta zuba a kwamfuta. Murna kamar an naɗa ni sarauta. Na hau babur har Kebbe, na ce wa Kawu, yayan mahaifiyata, ya ba ni littafin fiƙihun da yake karantarwa in sa masa a waya. Tsohon bugu ne, warƙa-warƙa ba ɗinki, takardar ta yi laushi kamar ganyen albasa. Sai da ya yi mini kashedi sau uku kafin ya zare shi daga gafaka.

Matsala ɗaya, sikanar ba ta da murfi (shi ya sa na same ta da araha). Warƙoƙin kuma sai naɗewa suke. Na laluba akwati na samo wani kati mai kauri, ina kifa shi a bayan kowace warƙa ina dannewa. Kwana huɗu ina yi ina waƙa. Matata ta ce in tsaya in duba aikin, na ce mata wannan harkar 'yan boko ce.

Ban duba ba. Na tura wa duk ɗaliban Kawu a waya, sannan na sa babbar riga na tafi karɓar addu'a.

Bayan la'asar zaure ya cika. Kawu ya karɓi waya, ya yi bisimilla, sai ya tsaya. Ya kawo ta kusa da ido.

"Wanga jan rubutu hwa? Ni ban san littahin ga da sharhi ba."

Ya buɗe gaba, yana nan. Ya ƙara gaba, yana nan. Ya miƙa wa ɗansa Sani, hedimasta (mutumin da tun muna yara ba ya raga mini). Sani ya ja hoton da yatsu biyu ya girma, ya gyara murya, ya karanta da Turanci, sannan ya fassara don kada a bar kowa a baya:

"Na arba'in cikin arba'in. Barci da surutu. Kada ya dawo."

Ashe katin da na yi ta dannewa da shi, katin sakamakona ne na ƙarshe a kwaleji. Takardar littafin ba ta da kauri, jan biron katin ya fito ta cikinta a hoton. Tun daga babin tsarki har babin gado, babu shafin da ban zo na ƙarshe ba.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ashe mai hassadar taka ya iya lissahi."

Har ladan sai da ya kwanta don dariya. Ni ma na yi, me ya rage?

Na sake aikin da farin kwali, amma har yau tsohon suke karantawa, wai ya fi albarka. Yanzu in matata ta ce in duba, dubawa nake.