Yadda Za Ka Yi Wa Aminin Babanka Shafin Intanet Ka Tashi Babu Taki

Ɗan'uwa mai haɗa shafukan intanet, matso kusa. Ni Sha'aban, shekara huɗu ina wannan sana'a daga ƙauyenmu na bayan Minjibir. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan damina za ta same ka yadda ta same ni bara: ga gona, ga kwamfuta, babu ko mudun taki.

Mataki na 1: Kada ka faɗi farashi

Idan Alhaji Khalilu, dillalin hatsi kuma aminin babanka, ya ce, "Yaro, nawa ne abin nan naku?" maza sunkuyar da kai. Ka kama tsinken tabarma kana ja. Ka ce, "Haba Baba, ni da ku?" A ranka kana lissafin buhu biyu na taki. To, bar shi a ran, can ne ya fi tsaro.

Mataki na 2: Ka ƙi kafin alƙalami

'Yan birni sai an ba su rabi kafin su buɗe kwamfuta. Rashin tarbiyya! Kai karɓi addu'a, tana da yawa kuma nan take ake biya. Kuɗin data da na rajistar sunan shafi kuwa, ranto daga jarin ƙuli-ƙulin matarka. Tawa Hure ce, har yau in ta ga kwamfutar sai ta yi tsaki.

Mataki na 3: Gyara ba iyaka

Alhaji zai ce a ƙara girman hotonsa. Ƙara. Zai ce hular ba ta fito ba. Hau babur ka koma ka sake ɗauka. Duk ranar kasuwa zai bugo a sauya farashin dawa, kuma filashin zai yi, kai za ka kira.

Mataki na 4: Amince da "bayan kaka"

Wannan shi ne sharaɗin biya mafi daɗi a ƙasar nan, don ba a faɗar kakar wace shekara. Kada ka kuskura ka kawo takarda. Ni na gwada, Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, "Takarda? Ni da na riƙe ragon sunanka?" Wallahi ni na ƙare da ba da haƙuri.

Mataki na 5: Shuka haka nan

Ruwa ba ya jiran Alhaji. Geronka zai fito rawaya, iya gwiwa. In maƙwabcin gona ya tambaya, ce masa sabon iri ne ka gani a intanet.

Mataki na 6: Je ka karɓi haƙƙinka

Kaka ta yi, rumbunka ko rabi bai kai ba. Je wurin Alhaji. Zai sa maka albarka, ya ba ka tiya biyu ta gyaɗa. Yi godiya. Sannan ka daure ka ce a sayar maka da buhun gero, a ɗan sassauta, ko a jira ka wata guda.

Zai zaro waya ya juyo maka da ita. "Ai tun da ka yi mana abin nan muka huta da ciniki, ɗana. Karanta."

BABU RAGI, BABU BASHI. Ni na zaɓi jan launin, ni na ƙara wa haruffan kauri. Na ji kamar in yi kuka, amma gaskiya aikin ya yi kyau.

Sanarwa: duk wanda ya bi wannan shawara ya kwana da yunwa, babu ruwana, kada ma ya nemo ni. Shawarar kyauta ce, don har yanzu ban iya faɗin farashi ba.