Barandar Ostareliya a Gidan Rumji

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na sake wa Inna ɗaki ba. Tsohon ɗakinta ya tsage, ni kuwa malamin lakol, wato makarantar boko, sai na ce wannan karon da ilimi za a yi gini.

Na yi mako ina karanta tarihin gidajen Ostareliya a waya: yadda Turawan da suka fara sauka can suka soma da bukkokin itace da laka, suka koma rufin kwano, daga baya suka zagaye gida da baranda mai faɗi don inuwa. Barandar nan ta shiga raina. Na zana ta a allo (har da kibiyoyi, Allah ya yafe mini), na kai wa Baba Ɗanjimma, maginin unguwarmu.

Ya duba, ya tambaye ni ina za ta fuskanta. Na ce gabas, Inna ta sha hantsi. Ya tuna mini daga gabas hadari yake tasowa, ya ce a ƙalla a danne kwanon da duwatsu kamar na kowa. Na ce ban ga dutse ko ɗaya a hotunan ba. Sai ya kama aiki.

Hadarin farko ya zo ranar kasuwa da la'asar, Inna tana ciki. Iska ta shiga ƙarƙashin barandata ta ɗaga ta, sai ga kwano yana tafiya sama, ya sauka a garken awakin maƙwabci. Mutanen da suka fake a zaure duk sun gani. Na ruga cikin ruwa, na tarar da Inna zaune a kan gado, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ashe Baba Ɗanjimma bai haɗa rufin ɗakin da na barandar ba, ya kuma ɗaure na ɗakin da waya ta ciki, inda ba zan gani ba. Na je godiya, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ya ce, "Ɗana, baranda taka ce, shi ya sa na bar maka. Ɗakin kuwa na tsohuwa ne."

Har gobe ina gode masa. Mun sake barandar a yamma, kuma duwatsun da ke kanta ni na ɗauko su da kaina.