Yadda Ake Ɗora Hannun Jirgin Feshi Ba Tare da Gam Ba

Idan ka faki ido ka ɗauki jirgin feshin ƙungiyarku, wannan mara matuƙin, ka maka shi da ɗorawa har hannu ɗaya ya karye, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, tabbas zai tashi. Su ne matakan da Mika'ilu ya bi, sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Bunkure, ana saura kwana uku a fesa gonar shugabansu Alhaji Dattijo, kujerar sakatare kuwa tana rawa.

1. Manta da gam
Ba wai ba ya kamawa ba ne. Mai sayar da gam ɗin kirki ƙanin Alhaji ne, kuma bakinsa ba ya rufuwa.

2. Gwada mai walda
Abu baƙi, ga tauri, ai ƙarfe ne. Mika'ilu ya naɗe shi a buhun taki ya kai wa Bilya mai walda a Kura. Ana ɗosana wuta sai hayaƙi da wari kamar an ƙona silifa.

"Malam, wannan ba ƙarfe ba ne," in ji Bilya yana tari. "Ɗauke kayanka kada ka jaza min."

3. Tambayi masani a kaikaice
Kira injiniyan da ya kawo jirgin, ka ce wani abokinka ne ke tambaya. Zai ce maka zaren kabon ne, saƙa shi ake yi a daskarar. Ka ji zare, ka ji saƙa? Kashe wayar. Ilimi in ya yi yawa ɓata aiki yake.

4. Kai wa mai ɗinkin ƙwarya
Inna Mairama, a rugar da ke bayan kanal ɗin ban ruwa, ta shekara arba'in tana ɗinke fasassun ƙoren nono. Ta zura guntun gora a cikin hannun, ta huhhuda da basilla, ta ɗinke tsaf da zaren buhu.

"Inna, anya zai riƙe?"

"Ɗan nan, abin da na ɗinka ko nono ba ya ɗiga."

Shafe wurin da baƙin tukunya, ka mayar kamar ba kai ba.

5. Ranar feshi, tsaya daga baya
Jirgi ya tashi lafiya lau, Mika'ilu har da ƙwallar murna. Sai ga Inna a gefen kanal, tallan nono a ka, tana ɗaga murya:

"Sakatare! Ka ga ɗinkina? Kai da ka kawo min shi gida biyu, kana ta zufa!"

Alhaji Dattijo ya juyo a hankali, ya cire tabarau.

Sanarwa
Mai wannan rubutu ba injiniya ba ne, albasa yake nomawa. Duk abin da ya same ka, kai da ƙungiyarku. Mika'ilu dai yanzu shi ke goya famfon feshi a gonakin 'yan ƙungiya, sabon sakatare yana nuna masa inda ya tsallake, kuma ni da na ba Mika'ilun shawarar, ko gaisuwata ya daina amsawa.